Dan Allah ku ba ni shawara: ruwan famfonmu ne ko haƙori?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, kaina ya kulle. Muna haya ne a Badarawa nan Kaduna shekara huɗu kenan, mu iyali uku ne a gidan. Da can rijiyar tsakar gida muke amfani da ita, na sha kuma mu saya wajen 'yan ga-ruwa, to sai bara mai gidan ya tona sabon sokawe kusa da rijiyar, wlh bai fi taku goma ba tsakaninsu, da na yi magana matarsa ta ce wai ni 'yar haya ce ba zan koya musu zama a gidansu ba, sai da muka yi wata biyu ko gaisuwa babu, azumi ne ya shirya mu. Shi ne Abban yara ya ce gara mu jawo famfo mu huta, muka haɗa kuɗi da maƙociyata, har da kuɗin adashina a ciki, aka jawo mana daga bakin titi. Yanzu ruwan yana zuwa sau biyu ko uku a sati, yawanci cikin dare. To in ya zo bokitin farko ja ne kamar shayi, in ya kwana sai ki ga laka kwance a gindin bokiti, ran nan har wani ɗan wari na ji. Ga ƙaramin yarona ɗan wata 8 yau kwana huɗu yana zawo. Hajiyarsu ta ce haƙori ne, Abbansu ya ce ruwan gwamnati ne ai an sa magani. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In na bar famfon in koma ina?

Ummu daga Kawo: Wa alaikumus salam, Allah ya ba shi lafiya. Amma ba ki faɗa mana ba, shi yaron wane ruwa kike ba shi? Kuma kin kai shi asibiti?

Ɗan Rigasa: Ku har kun samu ruwan da za ku yi ƙorafin kalarsa. Mu nan kan famfonmu ya zama wurin rataye tsumma, yarana ba su taɓa ganin ruwa ya fito ta cikinsa ba. Kullum kura, kuma ran da babu wuta masu bohol su ƙara kuɗi, 'yan ga-ruwa su ma su ƙara nasu.

Oga Filamba: Maman Biyu ki saurare ni da kyau, shekara 18 ina wannan aikin a garin nan. Ruwan daga kogin Kaduna ake jan shi, a tace shi a Malali, a sa masa alif laka ta kwanta, a sa kulorin. Da damina kogin kansa jawur yake, kowa ya bi ta kan gada ya gani, aikin tacewar ya fi wuya. Amma galibi ba can matsalar take ba, a hanya take. Bututun da ba kullum yake cike da ruwa ba, in an ɗauke ruwa sai ya koma zuƙa, duk inda ya tsage ko mahaɗarsa ta saki sai ya ja abin da ke kewaye da shi. Ki fita ƙofar gida ki duba, na rantse miki fayif ɗinku ta cikin kwata ya bi, don haka ake yi a unguwannin nan, mutum yana gudun fasa siminti sai ya kwantar da roba a lambatu. Jan da kike gani zai iya zama tsatsar tsohon bututun ƙarfe, wannan da sauƙi. Warin nan shi ne ban so ba.

Hajiya Babba: 'Yata ki nemi alif ki ɗan kaɗa a duron, ki bar shi ya kwana, da safe za ki gan shi garau. Da shi muka raini 'ya'ya tara ba abin da ya same su. Kuma mu dai mun taso ana cewa haƙori yana sa zawo, kar ki raina maganar surukarki.

Oga Filamba: Hajiya a yi min afuwa, alif laka kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa yana garau yana ɗauke da taifod. Bayan alif sai an tsiyaye na saman an tafasa, ko a sa WaterGuard, kulorin ɗin nan na kwalba, yadda aka rubuta a jikin kwalbar a jira minti 30. Kuma kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai duhu, shi ya sa dole a fara kwantar da shi.

Anti Nas: Ku bar maganar bututu tukuna. 'Yar uwa kwana huɗu ga ɗan wata 8 ba wasa ba ne, ki kai shi asibiti gobe da safe. Kafin nan ki ci gaba da ba shi nono sosai, ki haɗa masa ORS, wato haɗin gishiri da sukari, da ruwan da aka tafasa ya huce, za su ba ki zinc na kwana 10 zuwa 14. In kin ga idonsa ya faɗa, ko maɗigarsa ta lotsa, ko ya daina fitsari, ko jini a kashin, kar ki jira safiya. Mun ga abin da amai da gudawa ya yi a 2021, ban son a riƙa cewa haƙori ana zaune.

Maman Biyu: Na gode Anti, amma ai ba zama na yi ba, Abbansu ya karɓo masa sirof a kemis tun shekaranjiya kuma ya ɗan ragu. Ummu, nono yake sha da kunu, kunun kuma ai a wuta ake dama shi, sai dai ɗan ruwan da nake ba shi a cokali daga randa. Maganar tafasawa kuma Oga, mu shida ne a ɗaki, da gas ɗin nan da ake ciki in ce zan tafasa na kowa kullum ai sai dai mu bar girki.

Baban Amira: Ki saya masa fiya wata kawai, magana ta ƙare. Ni gidana ko shayi da shi ake yi.

Oga Filamba: Wane fiya watan? Na yi wa masu wannan sana'ar aiki, akwai na kirki akwai wanda bohol ne kawai ake ɗurawa a leda a bayan gida. Ko lambar NAFDAC ka gani a jiki ka dai bi wanda ka san inda ake yinsa. Kuma Maman Biyu ba na kowa na ce ba, buta ɗaya ta ishi yaron yini guda, da ya tafaso ya yi minti ɗaya yana ɓararraka shi kenan. Randar nan ma abin dubawa ce, moɗa ɗaya kowa na tsomawa da hannunsa. Wai kun sa inji a layin ne?

Maman Biyu: Eh akwai ɗan ƙaramin inji da muke kunnawa ya ja zuwa duro, in ba haka ba ɗigo-ɗigo yake zuwa, sai ki kwana a tsaye ba ki cika bokiti uku ba. Fayif ɗin kuma na duba, ta gefen kwata ya bi ba cikinta ba, sai in an yi ruwan sama ne take rufe shi. Randata kuwa duk Juma'a nake wanke ta, ni ba ƙazama ba ce.

Oga Filamba: To ga shi nan! Injin nan shi ke ƙara zuƙo ruwan kwatar, ke da maƙotanki duka. A cire shi daga layi, ruwa ya fara zuba a tankin ƙasa sannan inji ya ja daga can, a ɗaga fayif ɗin sama da kwata, bokiti biyun farko a yi wanki da su. Na gaya miki tun farko.

Ɗan Rigasa: Masu injin nan su ne suka hana na ƙarshen layi ruwa, Allah ya isa dai.

Maman Biyu: Haba Malam, Allah ya isa kuma? Duk layinmu ba gidan da ba shi da inji, mu ne ma na ƙarshen saye. Tankin ƙasa kuma a gidan haya, wa zai bar ni in tona, matar da ko maganar sokawe ba ta ɗauka ba?

Ummu daga Kawo: Ni da za ki ji tawa, ki ɗebi ruwan a kai a gwada, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan kan hanyar Mando, a je a tambaye su yadda ake kai samfur. In takarda ta fito sai Abbansu ya yarda.

Hajiya Babba: Yaran yanzu komai sai gwaji. Ki jiƙa masa sassaƙen da surukarki za ta ba ki.

Anti Nas: Hajiya dan girman Allah kar a ba jariri jiƙo yana zawo. Maman Biyu wane sirof ne aka ba shi? Ki rubuto min sunan.

Maman Biyu: Kwalin yana wajen Abbansu, in ya dawo zan duba. Mando kuma ba zai je ba, na san halinsa, zai ce kuɗin motar ma ya sayi jakar fiya wata biyu. Ga shi ma ruwa ya zo yanzu, yau kam fari ne tas ba wari, bari in je in kunna inji in tara kafin a ɗauke.

Ɗan Rigasa: Yau Talata ko? Mu dai shiru.