Hatimin Uwa da Hatimin Uba: Musayar Baitoci kan Azim Surani

Mai Alƙalami:
Bismillahi, yau zan yabi masani,
Ɗan Kisumu ta Kenya, Azim Surani,
Robert Edwards ya horar da shi a fanni,
A Kambirij, ya gano hatimin uwa da uba.

A 1984 ya ɗau ƙwan ɓera,
Gadon uwa biyu ya haɗa, ya jira,
Tayi ya ɗan tasa, mabiyiya ta gagara,
Cikin bai kai ba don babu rabon uba.

Ya juya ya haɗa na uba biyu zalla,
Mabiyiya ta yi ƙiba, tayin ya ƙi ƙulla,
Ashe kowa da hatiminsa, ikon Jalla,
Na uwa ba ya maye gurbin na uba.

Ɗan Tsangaya:
Malam, ka yi rabo ka manta maƙwabci,
Solter da McGrath fa, ina adalci?
A cibiyar Wistar ta Filadelfiya sun hana ido barci,
A shekarar suka gano, ba su kwafa ba.

Mai Alƙalami:
Ɗan Tsangaya, garaje ya hana ka saurare,
Baitin na tafe ka sha gabana ka tare,
Kyautar Gairdner a 2018 sun karɓa tare,
Surani da Solter, ni ban raba su ba.

Uwar Ɗalibai:
Ku biyun maza kuke ta ƙirgawa,
Sheila Barton fa, abokiyar aikin Surani, mai hannun dasawa?
Denise Barlow a Biyana ta Austiriya ta yi nunawa,
A 1991, Igf2r na uwa ke aiki, na uba bai ko motsa ba.

Autan Waƙa:
Allah Ya ja kwana Hajiya! Baiti ɗaya ya kwantar da na Malam huɗu.

Sarkin Kari:
Hajiya, da girmamawa, ɗangon ƙarshe ya karye. Gaɓoɓinsa sun ninka na 'yan'uwansa, kuma Igf2r ba ya zama a kowane kari da na sani.

Uwar Ɗalibai:
Sarkin Kari, awo ne kawai aikinka,
Sunan ƙwayar gado ne, ba na yankewa dominka,
Tun safe muna jira mu ga baitinka,
Ko ƙwar biyu ba ka kawo ba.

Ɗan Tsangaya:
Kuma ka furta 1984 a bakinka ka ji tsawonta a ɗangon Malam. Can ba ka ce uffan ba.

Sarkin Kari:
Nasa ma ya karye. Amma shi ƙafa ɗaya ya ƙara, ita wajen uku.

Ɗalibar Kimiyya:
Iyayena, na makara, ina neman sani,
Shi hatimin nan mene ne ainihi?

Sarkin Kari:
'Yata, "sani" da "ainihi" ba su yi amsa-amo sosai ba.

Mai Alƙalami:
Rabu da shi 'yata, ga amsarki a fili,
Alama ce kan DNA, sunanta metili,
Ba ta sauya harafi ko ɗaya a asali,
Takan rufe bakin ƙwaya, ba ta goge ta ba.

Kuromosom na 15 ki duba da kyau,
Rashin rabon uba, Prader-Willi ne a yau,
Rashin na uwa, Angelman, gurbi ɗaya tak dai,
Cuta biyu, alamunsu ba ɗaya ba.

Uwar Ɗalibai:
Malam ka tsaya a hanya, saura sharewa,
A ƙwayoyin haihuwa hatimi na gogewa,
Namiji ya buga nasa, mace na sakewa,
Surani ya bi sawun wannan, bai huta ba.

Sarkin Kari:
Wannan kam ya zauna, Hajiya. Malam kuwa, "kyau" da "dai" a baiti ɗaya? Ka dawo ka gyara.