Jerin Object ya ƙi zama jerin String a Java, ina mafita?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun bayan la'asar nake fama da layi ɗaya. Ina haɗa 'yar manhaja ta ajiye sunayen ɗaliban islamiyyarmu. Sunayen suna cikin ArrayList (ma'ajiyar Java da ke ƙaruwa in an ƙara mata kaya) da na sa wa suna lis. Ina so in mayar da su jerin String, wato array na rubutu zalla, sai na rubuta:

String[] sunaye = (String[]) lis.toArray();

Kwamfayila (mai duba lambar manhaja ya fassara ta) bai ce uffan ba, amma ina kunnawa sai ClassCastException, wato kuskuren ɗaukar abu a matsayin nau'in da ba nasa ba. Alhali sunaye ne zalla a ciki. Ina na kuskure?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ƙanina, kowa ya taɓa faɗa wa wannan ramin. A Java jeri yana riƙe da nau'in da aka ƙirƙire shi da shi har abada. Ita kuwa toArray, in ka kira ta hannu rabbana, jerin Object take ba ka, wato jerin da ke karɓar kowane irin abu, don lokacin da manhaja ke aiki ArrayList bai san me ka alkawarta zuba masa ba. Buhun da aka rubuta wa "hatsi", ko gero ne zalla a ciki, Java ba za ta yarda ka kira shi buhun gero ba. Sai dai ka kawo sabon buhu ka juye:

String[] sunaye = lis.toArray(new String[0]);

Kar sifilin ya dame ka, ita za ta auna girman da kanta.

Amsa ta biyu: Malam ya gama magana. In kuma jerin Object ɗin aka miƙo maka a haɗe, mu ce sunansa a, yi Arrays.copyOf(a, a.length, String[].class). Amma ka bincika cikinsa tukuna. Lamba ɗaya ta ɓuya a ciki, misali lambar rajistar ɗalibi, ArrayStoreException za ka gani, wato kuskuren zuba wa jeri abin da ba nau'insa ba. Ni ta taɓa cinye min dare guda.

Amsa ta uku: In akwai lambobi kuma so kake su koma rubutu, wannan sauyawa ce, kwafa ba za ta yi ba. Tun Java 8 ta 2014:

Arrays.stream(a).map(String::valueOf).toArray(String[]::new)

Sai dai gurbin da babu komai zai fito maka da kalmar "null" a rubuce, kamar sunan wani ɗalibi.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, ta Malam ta yi aiki. Allah ya saka da alheri. Yaya mai amsa ta uku, null ɗin nan fa, in tace shi kafin map (mai yin sauyawar) ko bayanta?

Amsa ta uku: Kafin. Sa .filter(Objects::nonNull) a gabanta.