Inshorar rai, inshorar rayuwa, ko me za mu ce?

Jama'a ku zo mu kashe maganar nan ta sunan da za mu ba life insurance da Hausa, wato inshorar da ake biyan iyalin mutum in ya mutu. Gidajen rediyo suna cewa inshorar rayuwa, wasu inshorar rai, ni kuma duka biyun ba su kwanta min ba, don in ka faɗa wa dattijo a ƙauye ka yi wa ranka inshora kallon zararre zai maka, ya ce rai ai na Allah ne, wane kamfani ne zai tsaya masa? Kuma da gaskiyarsa.

Ku duba yadda abin ya yi aiki a Amurka lokacin yaƙin duniya na ɗaya. Kamfanoni ba sa son yi wa soja mai tafiya fagen daga inshora sai da tsada, shi ne a 1917 gwamnati ta buɗe nata tsarin, soja zai iya yankar har na dala 10,000, ana cire ɗan kuɗi daga albashinsa duk wata. Sama da mutum miliyan 4 suka shiga. In ya mutu ba a damƙa kuɗin gaba ɗaya, ana biyan dala 57.50 duk wata har wata 240, shekara 20 kenan, kuma ba kowa sojan zai rubuta a matsayin mai karɓa ba, sai mata ko 'ya'ya ko jikoki ko iyaye ko 'yan'uwa na jini. A 1940 gwamnati ta sake kafa irinsa, shi ma dala 10,000. Su kuma kamfanonin, kuɗin da mutane ke zubawa suka riƙa sayen takardun bashin yaƙi da shi, wato kuɗin da magidanci ya ajiye don marayunsa shi ne gwamnati ta ranta ta sayi makamai kafin ranar biya ta zo.

To a duk wannan ina aka tsare rai? Sojan ya tafi, waɗanda ya bari ne ke cin abin.

Wani ya ce min diyya. A'a, diyya wanda ya yi kisa ko danginsa ke biya, nan kuwa mamacin ne da kansa ya zuba. Wata ta ce adashe, to a adashe kowa yana ɗauka da ransa in zagaye ya zo kansa. Takaful kuma sunan tsari ne na Musulunci gaba ɗaya, har mota da shago yana rufewa.

Ni dai na tsaya kan inshorar magada. Kalmar inshora ta riga ta zauna, direban tasha ma ya santa, ba sai mun tsaya ƙago wata ba. Na san malamai za su ce wanda aka rubuta a takarda ba lallai ya zama magaji a shari'a ba, haka ne, amma galibi su ɗin ne dai. A Najeriya ma dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu irinta, aƙalla ninki 3 na albashin shekara, kuma magada ake nema da takardu in an rasu. 'Yan Nijar, ku ya kuke ce mata a Maraɗi da Damagaram?