Wace silima ce a Jidda mutum zai bar motarsa hankalinsa kwance?

Baban Ummi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin Jidda. Iyalina sun matsa mini in kai su kallon fim ranar Alhamis da daddare, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne inda zan bar mota. Tsohuwar Camry ce, da ita nake neman abinci, kuma inshorar da ke kanta ita ce ta dole kawai. Tun bayan rusau ɗin unguwannin kudu muka koma gabashin titin Haramain, saboda haka Mall of Arabia ya fi mini kusa, amma wani abokin aikina ya ce gara in wuce Red Sea Mall a unguwar Shati, wai can ɓarayin mota ba sa zuwa. Shin da gaske unguwa da unguwa sun bambanta har haka, ko kuwa man fetur kawai zan ƙona?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam, Malam Baban Ummi. Abin da ya kamata ka fara lura da shi shi ne gidajen silima na ƙasar nan ta Saudiyya duk sababbi ne. Sai a watan Disamba na 2017 aka ɗage haramcin da ya kai kimanin shekara 35, aka buɗe na farko a Riyad a watan Afrilu na 2018. A nan Jidda kuwa silimar kamfanin VOX ce ta fara, a Red Sea Mall, a watan Janairu na 2019, sannan Muvi ta buɗe a Mall of Arabia a cikin shekarar. Da yake a wannan zamani aka gina su, kusan dukkansu a cikin manyan mol suke, ba irin silimun da muka sani a gida ba, masu ƙofa a bakin titi. Ashe ke nan abin da za ka auna shi ne filin ajiye motoci na mol ɗin, kuma a wannan fanni wuraren biyu da ka ambata duk suna da filinsu, da fitilu, da kyamarori, da masu gadi.

A iya abin da na gani a shekarun da na yi ina tuƙa iyalin wani gida, matsalar tana farawa ne idan fili ya cika. Daren Alhamis shi ne farkon hutun mako, bayan sallar isha'i za ka ga motoci suna ta zagaye suna jiran wani ya fita. Wanda haƙurinsa ya ƙare sai ya fice ya ajiye a lungun da ke bayan ginin, ko a wani fili da ba a gina ba, inda babu fitila babu mai gadi, ya bar ta nan awa uku. Irin wannan lungu ɗaya ne, ko a Shati yake ko a Nuzha, unguwar da Mall of Arabia yake. Saboda haka ka je da wuri, da an idar da magariba. Ka kuma tambayi mai gadi ƙofar da ta fi kusa da silima ka ajiye a nan, domin idan fim ɗin dare ne, kafin ku fito shaguna sun rufe, an kulle wasu ƙofofin, sai ka tarar kana zagaya gini da yara masu barci a kafaɗa, motarka kuma ita kaɗai ta rage a can ƙarshen fili.

Maman Sultan:

Alhaji, na yarda da yawancin bayaninka, amma ban yarda unguwanni duk ɗaya suke ba. Inda gidaje ke da masu gadi da kyamara a kowace ƙofa ba zai zama daidai da inda ake jera motoci a bakin titi cikin duhu ba. Sai dai wannan bambanci ya fi shafar inda mota ke kwana, fiye da inda ta tsaya na ɗan lokaci.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne motar kanta. Tsofaffin motocin da ba su da makulli mai kwamfuta sun fi sauƙin tayarwa, kuma mota irin Camry, da yake ta cika gari, kayanta ba sa kwantai a kasuwa. Malam Baban Ummi, ka sayi ƙarfen nan da ake kulle sitiyari da shi. Ba tsada gare shi ba, kuma ɓarawo yana hango shi ta gilashi zai nemi wadda ta fi sauƙi. Sannan kada a bar komai a kan kujera. Ƙanwata an fasa mata gilashin baya a gefen wani mol saboda jakar makarantar ɗanta, wadda babu komai a ciki sai littattafai da gorar ruwa, kuɗin gilashin ya ninka na jakar. Haka kuma ɗabi'ar nan ta barin mota a kunne saboda zafi, a ce bari in shiga in karɓo tikiti, a daina ta. Ban da haɗarin sata, laifi ne a dokar murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, tararsa riyal 100 zuwa 150. Tikiti ma ta waya ake saye yanzu.

Abu Faisal Bakano:

Ɗan'uwa, maganar inshorar da ka yi a gurguje ita ce ta fi komai nauyi a tambayarka. Inshorar dole tana biyan wanda ka yi wa ɓarna ne kawai, ba ta biyan ka ko halala ɗaya idan an sace motarka. Cikakkiyar inshora, wadda ake kira shamil, ita ce ke ɗauke da sata, ita ma kamfani yana iya ƙin biya idan ya tabbata an bar makulli a ciki ko an bar ƙofa a buɗe. Ka duba takardarka da kyau.

Idan kuma, Allah Ya kiyaye, ka fito ba ka ga mota ba, kada ka yi saurin cewa sata ce. Sau da yawa mutum hawa ko layi ya ɓace masa, shi ya sa yake da kyau ka ɗauki hoton lambar ginshiƙin da ka tsaya kusa da shi. Wanda ya ajiye a inda aka hana kuwa, mai yiwuwa motar jan motoci ce ta ɗauke ta. In ka tabbatar ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, ka kira 911, wadda ke aiki a yankin Makka duka har da Jidda, sannan a shigar da rahoto ta Absher, manhajar gwamnati ta waya, ko a ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kamfanin Najm ba ruwansu da wannan, aikinsu rubuta rahoton hatsarin mota ne. Rahoton yana da muhimmanci ko da ba ka sa ran samun motar, domin duk abin da aka aikata da ita kafin ka sanar, mai sunan da ke kan istimara, wato takardar rajistar mota, za a fara nema. Kada kuma ka ɓata lokaci kana roƙon masu gadi su tura maka hoton kyamara. Dokar da aka yi a 2022 ta wajabta wa irin waɗannan wurare sanya kyamarori, amma ta hana su miƙa abin da aka naɗa ga kowa sai da izinin hukuma.

Baban Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Zan je na kusa da ni. Saura abu ɗaya: istimarar motar da sunan kafilina take, kuma a cikin mota nake barin ta. Ko akwai matsala?

Abu Faisal Bakano:

Akwai. Ka cire ta daga cikin mota ka riƙa yawo da ita tare da iƙamarka, wato katin izinin zama. Ka kuma tabbatar kafilin ya yi maka izinin tuƙi ta Absher kuma bai ƙare ba, domin idan wani abu ya faru shi ne mai motar a idon hukuma, kuma shi ya kamata ka kira nan take bayan 911.