Gwiwar bututu ta fashe alhali awon kauri bai nuna matsala ba

Mai Duba Bututu: Assalamu alaikum. A masana'antar sinadarai da nake aiki, wata gwiwar bututu, wato lanƙwasasshen sashen da bututu ke shan kwana, ta ɓule ta fara yoyo, alhali awon kauri da muka yi da na'urar da ke auna kaurin ƙarfe ta hanyar sauti a miƙaƙƙen sashen da ke kusa da ita ya nuna ƙarfen yana da sauran ƙarfi. Ta ina ya kamata a fara bincike?

Injiniyan Ƙarafa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara da tambayar ko gwiwar da bututun daga narkin ƙarfe ɗaya aka ƙera su, domin sassan layin bututu ɗaya sukan bambanta a sinadaran da ke cikin ƙarfensu, tsatsa kuma ba ta cin su daidai. A matatar mai ta Filadelfiya a Amurka, ranar 21 ga Yuni, 2019, wata gwiwa da aka sanya tun 1973 ta fashe, aka samu gobara da fitar asid mai guba. Bincike ya gano cewa jan ƙarfe da ƙarfen nikel sun yi yawa a cikinta, shi ya sa asid ɗin da ke bi ta cikinta ya cinye ta fiye da sassan da ke maƙwabtaka da ita, waɗanda ake aunawa. Haka aka yi a matatar Chevron da ke Richmond, a Amurka, a 2012, inda farar wutar da ke cikin mai mai zafi ta siranta wani sashe mai ƙarancin sinadarin silikon a ƙarfensa har ya yage, mutane kusan 15,000 suka nemi magani. A ganina, awon wurare ƙalilan a layi tsoho yaudarar kai ne. Kowane sashe sai an auna shi.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji: Ƙari a kan bayanin Injiniya, kada a bari masu walda su taɓa wurin kafin a ɗauki hotuna, kuma kada a kankare tsatsar ko a wanke bakin ɓulin, domin shaidar tana cikin wannan dattin. A yanko gwiwar da ɗan nisa daga ɓulin, a yi mata alamar inda ruwa ke bi, a kai ta gwaji.

Mai Walda: Malam, a kuma kwance rufin da ke tare zafi a duba ƙarƙashinsa. Idan ruwan sama ya shiga ya kwanta, ƙarfen yakan ciwu daga waje, amma idan sirantar tana ciki ta bayan lanƙwasar, to mai yiwuwa saurin gudun ruwan da ke cikin bututun ne ke goge shi.