Muhawara: Alpha Kappa Alpha ƙungiyar asiri ce ko ƙungiyar hidima?

Malam Sabi'u: Jama'a, tun lokacin takarar Kamala Harris a 2024 ake ta yabon ƙungiyar ɗalibai mata baƙar fata da ta shiga a Jami'ar Howard da ke Washington a 1986, wato Alpha Kappa Alpha. Ni dai a ganina ƙungiyar asiri ce aka yi wa ado. Suna da rantsuwar shiga da ba a yi a bainar jama'a, suna da kiran da suke gane juna da shi, suna da launukansu, ruwan hoda da kore, ga ganyen wata ciyawa mai yaɗo a matsayin tambari. Ko sunayen muƙamansu daga yaren Girka aka ɗauko: shugaba Basileus, sakatariya Grammateus, ma'aji Tamiouchos. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida sun kafa ƙungiyar ɗalibai ta Pyrates a jami'ar Ibadan da kyakkyawar niyya, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya a jami'o'in Najeriya. Ina bambancin yake?

Barista Hauwa: Malam, a fara da ma'ana. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce 'yancin addini bai ba kowa damar shiga ƙungiyar asiri ba, sashe na 318 kuma ya fayyace ta. Rantsuwa da alamomin sirri kaɗai ba su isa ba. Sai an haɗa da manufar fifita 'yan ƙungiya ta kowane hali, ba tare da duba cancanta ko adalci ba, har a cutar da waɗanda ba sa ciki. Ita kuwa wannan ƙungiya tana da rijistar hukuma tun 29 ga Janairu 1913, hedikwatarta na Chicago, mujallarta Ivy Leaf na fita tun 1921, mambobinta suna yawo da haruffanta a ƙirji. Wanda ke ɓoye kansa ba ya buga sunansa a riga.

Dakta Ramatu: Bari in ƙara kan maganar Barista, domin asalin rijistar nan shi ne zuciyar zancen. An kafa ƙungiyar ran 15 ga Janairu 1908, shekara 43 kacal bayan soke bauta a Amurka, lokacin da ƙungiyoyin matan farar fata ba sa karɓar baƙar mace. Ethel Hedgeman ce ta kawo shawarar, ɗalibai tara suka fara, aka gayyato bakwai daga ajin ƙasa suka zama 16. A ƙarshen 1912 ɗalibai 22 da ke riƙe da ita suka ga ta cika liyafa da zumunci, suka yanke shawarar canza suna da launi da tambari, su karkata ga gwagwarmaya. Nellie Quander, wadda ta riga ta kammala karatu, ta ƙi yarda, ta tara tsofaffin mambobi suka nemi rijista don kada wani aji ya sake taɓa sunan. Su kuma 22 ɗin suka ɓalle suka kafa wata ƙungiyar, Delta Sigma Theta, ran 13 ga Janairu 1913, kuma ran 3 ga Maris suna cikin tattakin neman 'yancin zaɓe ga mata a Washington. To a duba: ɓaraka ta farko ta ƙare da takardar rijista da tattaki. A Najeriya, bayan ɓallewar Buccaneers daga Pyrates a 1972 da kafa Black Axe a Benin a 1977, gaba ta kai ga zubar da jini, har aka kashe ɗalibai biyar a jami'ar Ife ran 10 ga Yuli 1999.

Malam Sabi'u: Dakta, na ji tarihi, amma kin tsallake gwale-gwale. A Satumban 2002 ɗalibai mata biyu sun nutse da dare a gaɓar teku a Los Angeles. Iyalai sun ce aikin neman shiga wannan ƙungiya ne ya kai su wurin, sun kuma kai ƙara. Rai biyu ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya Binta: Nan kam Malam na da hujja, kada a yi masa gardama. 'Yan sanda sun ɗauki abin a matsayin haɗari, ƙungiyar kuma ta ce ba ta da halastaccen reshe a jami'ar da 'yan matan ke karatu. Amma wannan amsar ita ce ke nuna inda matsalar take. Ga yadda abin ya lalace. Kafin 1990 mai son shiga kan yi makonni, wani lokaci watanni, tana zaman gwaji a fili: kaya iri ɗaya, tafiya a layi, haddar tarihi, hidima ga manya. Da wahalarwa ta yi yawa, musamman a ƙungiyoyin maza inda aka samu mutuwa, shugabannin ƙungiyoyin baƙar fata da ke ƙarƙashin majalisar da aka kafa a Howard a 1930 suka soke zaman gwaji a 1990. Aka kawo tsarin ɗaukar mamba na ɗan gajeren lokaci, mai darussa a aji, ƙarƙashin idon manya. Doka ta canza, zukata ba su canza ba. Waɗanda suka sha wuya a da suka fara raina sabbi, suna kiransu 'yan takarda, wai takarda suka cike kawai. Yarinya na tsoron wannan gori, sai ta yarda a kira ta da tsakar dare wani gida a wajen makaranta. Abin da a da ake yi a gaban malamai ya koma ɓoye, babu mai sa ido, babu mai cewa ya isa. Kuma wadda aka wahalar ba ta kai ƙara, don tana gudun a dakatar da reshen a ɗora mata laifi.

Barista Hauwa: Gaskiya ne Yaya. Shi ya sa a Disamba 2024 aka sa hannu kan dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'in Amurka bayyana rahoton irin wannan wahalarwa a cikin ƙididdigar tsaronsu ta shekara.

Alhaji Nura: Ni abin da nake so a duba shi ne shugabanci, don a nan ake gane ƙungiya. Babban taronsu, Boule, ana yin sa duk shekara biyu, wakilan rassa ne ke zaɓe da gyara dokoki. Shugaba tana yin shekara 4, mataimakiyarta ta farko ita ke gadarta, saboda haka an san magajiya tun da wuri, ba a kokawar kujera. Kujerar mataimakiya ta biyu ta ɗaliba ce. An raba rassa shiyya 10, kowace da daraktarta. Muhimmin abu kuma, kowane reshen ɗalibai yana ƙarƙashin reshen waɗanda suka gama karatu, da mai ba da shawara da aka naɗa. Ba a karɓar ɗaliba sai tana cikakken karatu kuma makinta ya kai aƙalla C+, Delta ma 2.75 take nema cikin 4. Reshen da ya karya doka a dakatar da shi na shekaru ko a ƙwace takardarsa, mamba a kore ta. Wace ƙungiyar asiri ce ke tambayar sakamakon jarrabawa?

Malam Sabi'u: Alhaji, su wa ke sa ido kan shugabannin? A 2009 mambobi takwas sun maka shugabarsu da hukumar gudanarwa a kotu kan zargin almubazzaranci da kuɗin ƙungiya.

Barista Hauwa: Wannan shari'ar hujjata ce, Malam, ba taka ba. Shugabar ta musanta zargin, kotun farko ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta dawo da ita a 2011. Sun iya zuwa gaban alƙali ne saboda ƙungiyar na da rijista da kundin dokoki da za a kafa hujja da su. Ɗan Black Axe wace kotu zai kai shugabansa?

Dakta Ramatu: A auna su da aikinsu kuma. A 1935, ƙarƙashin likita Dorothy Ferebee, suka je jihar Mississippi yi wa baƙaƙen manoman ƙodago rigakafi. Masu gonakin auduga suka hana ma'aikata zuwa wuraren da aka tanada, sai matan suka loda magani a motocinsu suka bi su gona gona, suna allurar agana da mashaƙo a gindin bishiya da harabar coci. Duk bazara suka riƙa komawa har yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin. A 1938 Norma Boyd ta kafa musu majalisar bibiyar dokoki a Washington don kare haƙƙin baƙar fata. Ba na musun cewa akwai fifita juna wajen aiki da siyasa, kuma an daɗe ana zargin wasu rassa da son masu hasken fata da 'ya'yan masu hali, ga kuɗin shiga da ke hana talaka. Wannan aibin nuna bambanci ne, a kira shi da sunansa.

Malam Sabi'u: To na janye kalmar asiri a kan uwar ƙungiya, rijista da kotu sun isa shaida. Amma ban janye ta a kan abin da Yaya Binta ta bayyana ba. Taron tsakar dare da rantsuwar rufe baki, wanda shugabanni ke cewa ba su san da shi ba, asiri ne ko da wace riga aka sa.

Yaya Binta: Na yarda da wannan rabon. Kuma duk iyayen da 'yarsu ke karatu a Amurka take son shiga, ga abin dubawa. A tambayi ofishin kula da ƙungiyoyin ɗalibai na jami'ar ko reshen na da izini a wannan zangon ko an dakatar da shi. A karanta takardar haramcin wahalarwa da ake ba mai neman shiga ta sa hannu. A san sunan mai ba reshen shawara. Duk kuɗin da aka nema a biya ta hanyar da ƙungiya ta rubuta, da rasit, ba a hannun wata ɗaliba ba. In aka kira ta taro kafin a buɗe ɗaukar mambobi a hukumance, ko aka ce kada ta gaya wa kowa inda za ta, ko aka karɓe mata waya, ta fita nan take ta sanar da jami'a.