Yaya zan tsara bitar rubuta gajeren labari ta kwana uku?

Mai_Alli:
Assalamu alaikum malamai. Zan jagoranci bitar ƙagaggen labari ga ɗalibai 15 'yan ajin ƙarshe na sakandare, Asabar uku, awa biyu kowace rana. Galibinsu makaranta labaran WhatsApp da Wattpad ne, amma ba wanda ya taɓa kammala labari nasa. Da me zan fara, kuma yaya zan kasa lokacin?

Alƙalami_Kano:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka cinye ranar farko kana bayanin jigo da salo da zubi da tsari. Minti 15 ya isa, sauran lokacin su riƙe biro. Kowa ya fara rubuta labarinsa cikin jimla ɗaya: wane ne tauraron, me yake so, me ya tare masa hanya. Misali: yarinya mai tallar awara ta ɓatar da cinikin ranar, ga magariba ta kawo jiki. Wanda ya kasa haɗa jimlar nan bai da labari tukuna. Daga nan ka ba su minti 40 su rubuta fitowa ɗaya, kalma 300, a wuri ɗaya.

Matsalar da za ka fi gani ita ce asali. Sai ɗalibi ya cika shafi biyu da Alhaji mai mata uku da 'ya'ya goma sha biyu kafin wani abu ya faru. Daga dogayen labaran da ake saki babi-babi suka koyo, su kuwa suna da fili. Ka sa kowa ya soke sakin layinsa na farko ya karanta daga na biyu, yawanci nan labarin ya soma.

Uwar_Marubuta:
Asabar ta biyu ka ba maganganun taurari. Yaranmu kan rubuta gaisuwa cikakkiya, daga ina kwana har ya gajiya, a duk haɗuwa. A bar gaisuwa sai inda take ɗauke da wani abu, kamar kishiyar da ta amsa a daƙile. Ka kuma hana su "ta yi baƙin ciki matuƙa". Su nuna abin da hannunta ya yi da kwanon da ke gabanta.

Wajen sharhi, ka kasa su gida uku, biyar-biyar. Wani ne zai karanta labarin da ƙarfi, mai shi ya yi shiru yana rubuta abin da aka faɗa, minti takwas kowane labari. Tambaya biyu kawai: ina ka fi son ci gaba da ji, ina hankalinka ya tafi? In ka bar su da "ya yi daɗi", kunya za ta hana kowa faɗin gaskiya.

Ɗan_Zazzau:
Gyaran ƙa'idar rubutu, su ƙ da ɗ da ɓ da raba kalma irin "ya ce", ka bar shi sai Asabar ta uku. In ka fara da jan biro, za su koma tsoron kuskure su daina ƙirƙira. Tsawon labarin ƙarshe ka ɗauki ma'aunin gasar Hikayata ta BBC Hausa, kalma 1,000 zuwa 1,500. Ka kuma sanar da su tun farko cewa ba ka karɓar labarin da ya ƙare da farkawa daga mafarki, ko hatsarin mota da ya kashe mugu, domin tauraron ne ya kamata ya warware ƙullin da kansa.